Muciyar Abah Ta Bar Gida

Kampung Titi Serdang,
Kedah.
9 ga Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga ƙanena Mazlan, a Tawau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Norliza da yaran duka. Allah ya kare ka daga macizan gonar kwakwar manjan nan da kake yini a cikinta, ya kuma sauƙaƙa maka hawan jinin da kake ɓoye mini amma matarka take faɗa. Ka riƙa shan maganinka, Lan. Ka haura hamsin yanzu, ko da yake ni har gobe autan mahaifiyarmu Mak nake ganinka, mai kuka in an raba kifi ba a ba shi kan ba.

Mu nan sai godiyar Allah. An gama yankan shinkafa. Ta gefen kogi ta yi kyau bana, amma gonakin bayan masallaci ruwa ya kwanta musu, ɓeraye kuma sun ci rabonsu. 'Yata Rohana ta sauka lafiya ranar Talatar da ta wuce, an sami namiji, ya ɗebo hancin mahaifinmu Abah gaba ɗaya bai rage wa kowa ba. Gwiwata tana nan yadda ka san ta. Ina fita da shinkafar safe bakin titi kamar kullum, sai dai na rage yawanta saboda doguwar tsayuwa ta fara gagarata. Ranar Juma'a na je na share kabarin Mak da na Abah, na yi musu addu'a har da taka.

Za ka ce me ya sami babbar yayarka Kak Long ta koma rubutu da biro alhali ga waya a hannunta. Ka san gidan nan, bangon katako ne, in na yi tari a kicin ɗan'uwanmu Darus yana yi mini sannu daga ɗakinsa, kuma maganar da zan yi ba ta kunnensa ba ce. Dogon ƙunshin da ka ga takardar nan ɗaure a jikinsa, na so ka karanta kafin ka buɗe shi, amma na san halinka, wataƙila ka riga ka yage buhun. Muciyar Abah ce, wadda ake tuƙa alewar dodol da ita. Darus ne ya ce a aiko maka. Sau uku kana kirana kana cewa auren Izzati a gida za a yi shi cikin Disamba, kuma dodol ɗin bikin 'yarka ba mai tuƙa shi sai yayanka, Abang Darus. Sau ukun nan ina ce maka to, in sha Allahu. Ƙarya nake yi maka. Darus ba zai tuƙa ba, kuma na fi son ka ji dalili daga wurina kafin ka iso ka tsinta a bakin mutanen gari.

Kai da kake nesa, abin da ka sani shi ne tun da yayanka ya faɗo daga bishiyar kwakwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce ƙafafunsa suka mutu, gwamnati tana ba shi ɗan tallafi duk wata. Ba ka taɓa tambayar sunan tallafin ba, ni ma ban taɓa damuwa da sunansa ba. Tallafin naƙasasshen da ba ya iya aiki, haka aka rubuta a saman fom ɗin da nake sa wa hannu duk shekara ba tare da na karanta ba. Ringgit ɗari uku ne. A wurinka ba su kai na man motarka ba, amma a nan su ne robar fitsarinsa, da ƙunzugunsa, da audugar wanke gyambon da dogon zama yake fito masa da shi, da motar da take kai shi asibiti. Shinkafar safe tana ciyar da mu ne kawai, ba ta kaiwa ga waɗannan. Duk shekara wani dattijo yakan zo daga ofishin tallafi, ya leƙa ya ga mutumin yana numfashi, ya sha shayi, ya sa hannu, ya kama gabansa.

Bana dattijon ya yi ritaya, aka turo wata yarinya mai suna Cik Suraya, ko Rohana ta girme ta. Ta bugo mini da safe ranar ashirin da shida ga azumi ta ce tana hanya. Ka san abin da Mak ta koya mana in baƙo zai shigo gida. Na share, na goge, na kai bokitin fitsari can baya, na cusa ƙunzugun a ƙarƙashin gado, na shimfiɗa zanen gado na Sallah. Har labulen da na ɗinka don ranar idi na rataya shi tun saura kwana huɗu, na kunna turare. Da ta zauna ta buɗe fayil ta tambaye ni yadda muke fama, sai na ji bakina yana cewa alhamdu lillahi, ba mu rasa komai ba, Allah ya rufa mana asiri. Me kake so in ce wa 'yar mutane da ban taɓa gani ba, a cikin azumi? Na ga tana rubutawa, har daɗi na ji, wai ta ɗauke mu mutanen kirki. Sai ta tambayi inda mai jikin yake, ni kuma baki har kunne na ce ta taso in kai ta.

Ranar ce ranar gayyar dodol a filin masallaci. Rabonka da ganin gayyar ya kai shekara takwas, don haka ba ka san yadda suke yi masa yanzu ba. Sukan haƙa murhun ya yi zurfi don kaskon ya sauko daidai gwiwarsa, su tokare tayoyin kekensa da bulo, su ɗaure shi da zane ta ƙugu a jikin kujerar kada nauyi ya fizgo shi cikin wuta. Tuƙin farko kowa yana yi, lokacin da madarar kwakwa da garin shinkafa da baƙin sukari suke ruwa-ruwa, wannan ko ni zan iya. Sai abin ya yi kauri ya fara riƙe muciya, ƙarti suna nishi suna duban agogo, sannan a miƙa wa Darus. Mun iske shi daga shi sai singileti, zufa tana zuba, ga azumi a bakinsa, yana juya kasko guda shi kaɗai yana yi wa abokinsa Morad tsiya, wai hannunsa ba ya ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi. Lan, irin ranakun nan ne kawai a shekara nake ganin ɗan'uwanmu na da.

Da mutane suka ga baƙuwa da fayil a hannu da katin aiki a wuya, sai kowa ya taso zai kare wa Darus mutunci, kada ta koma birni tana ganin ɗan garinmu abin tausayi ne. Morad, amininsa tun suna kamun kifi a magudanar gona, shi ya fara. Ya dafa ƙirji ya ce, “Wannan da kike gani, Cik, ƙafa ce kawai babu. Mu uku ba ma yin abin da yake yi. Ki ba shi shebur yau, ki dawo gobe ki sha ruwan rijiya.” Aka yi dariya, ita ma ta yi. Mai gari, Tok Hanafiah, ya ƙara da cewa in babu Darus babu Sallah a Titi Serdang, babu biki, babu suna. Wani ya ce shi ya gyara masa injin yankan ciyawa, wanda ni na san fulogi kawai ya goge masa. Wata ta ce ragar kamun kifin mijinta shi ya ɗinke ta. Cik Suraya ta matsa kusa ta tambayi Darus awa nawa yake iya yi. Ka san yayanka in ya ga ana kallonsa. Ya ce daga hantsi har la'asar, in akwai kasko na biyu ma a kawo. Ta tambaye shi nawa ake biyansa, nan take ya ɓata rai, ya ce shi ba ɗan ƙwadago ba ne, aikin gayya ne, ƙunshi biyu yake kaiwa gida kamar kowa. Ta nemi izini ta ɗauki hoto, ya gyara zama ya ɗaga muciya ya yi mata murmushi. Mu takwas muka raka ta har mota muna yi mata fatan alheri.

Abin da ba ta gani ba, kuma ba wanda ya faɗa mata, shi ne kwana ukun da suke biyo baya. Zazzaɓi yakan rufe shi, hannuwan nan da aka yi ta yabo ko cokali ba sa iya ɗagawa, ni nake ba shi abinci a baki, gyambon kuma ya yi ja ya kumbura. Sau huɗu ko biyar yake wannan aiki a shekara, kowanne sai jikinsa ya biya. Da an tambaye shi zai ce ya yarda da cinikin, ni ma ban taɓa hana shi ba. Mako uku bayan Sallah takarda ta iso. An rubuta cewa bincike ya nuna mai karɓar tallafi yana iya aiki, saboda haka an dakatar da biyansa daga watan nan.

Washegari ban fita da shinkafa ba, na hau motar farko zuwa ofishin. Na tafi da fushina a shirye, da ma yarinyar ta yi mini rashin kunya da na sami inda zan sauke shi. Ba ta yi ba. Ta ba ni kujera, ta juyo da fayil ɗin gabana, ta karanta mini maganar Morad, da ta mai gari, da ta Darus, da tawa a saman duka: ba mu rasa komai ba. Ba ta ƙara ko harafi ɗaya ba. Ta ce akwai wani tallafin daban na naƙasassun da suke aiki, har ya ɗan fi wannan kauri, amma sai an kawo takarda daga mai gidan aikin, ko shaidar abin da mutum yake samu duk wata daga sana'arsa. Na ce mata ai gayya ba ta da mai gida, kuma kin ji da kunnenki ba a biyansa. Na ce kin cire shi daga marasa aiki, kin ce bai shiga cikin masu aiki ba, to a ina kika ajiye mini shi? Ta sunkuyar da kai, ta kira ni Mak Cik, wato goggo, ta ce, “Fom biyu ne kawai aka ba ni.”

Na dawo gida ina tunanin yadda zan faɗa masa abin da ke cikin fayil ɗin, har da maganata, ashe shi daɗi zai ji. Ya buga hannun kekensa ya ce to ai magana ta ƙare, gwamnati da kanta ta ce shi ma'aikaci ne, bari ya zama ma'aikacin sosai. Zai riƙa tuƙa dodol na sayarwa, in an yi wata uku mai gari ya rubuta masa shaidar samu, ya shiga ɗaya fom ɗin. Na ce jikinka fa? Ya ce in bar shi da jikinsa. Morad ya zo ya haƙa masa murhu a bayan gida, ni na ɗauki ƙunshin ina sayarwa tare da shinkafa. Makon farko kafin ƙarfe tara ya ƙare, har wani direba ya dawo daga Jitra yana neman ƙari. Da ka ga fuskar Darus da na faɗa masa. Mako na biyu ya yi, bai gama murmurewa daga na farko ba. Mako na uku da muka kwance zanen za mu tura shi ɗaki sai muka ga matashin kujerar ya jiƙe da jini.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Gyambon ya ci ya kusa ƙashi. Likita ya yi mini faɗa a gaban marasa lafiya kamar ni na ɗaure shi na sa shi aiki, ya rubuta cewa kada ya ƙara zaman da ya wuce awa biyu a jere. Na san za ka ce don me ban gaya maka ba. Kana haɗa na biki, kuma duk kiran da ka yi minti uku ne, rabinsa a kan kalar kayan da za mu saka. Awarwaron Mak da kake cewa a ajiye wa Izzati ta saka ranar ɗaurin aure, ba ya nan, na sayar da shi a watanni huɗun da muka yi babu tallafi. Robar fitsarin da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, na koyi tafasa ta in shanya a bayan labule.

Na ɗauki takardar likita na koma ofishin na nemi a sake duba maganar. Cik Suraya ta ce takardar za ta taimaka, amma a fayil akwai bakin mutum takwas da hoto, dole ta sake zuwa ta ji daga maƙwabta. Ta rako ni har ƙofa, abin da ba ta yi wa kowa, ta rage murya ta ce, “Mak Cik, abin da na gani da abin da aka faɗa mini nake rubutawa. Ba a ba ni wurin rubuta abin da na fahimta ba.” Na gane abin da take nufi tun kafin in kai tasha.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi, amma zan faɗa maka duka. Na bi gida-gida ina roƙon mutane in yarinyar ta dawo kada su yabi Darus. Ni Zaharah, 'yar Mak, ina tsaye a ƙofar mutane ina roƙon a ce ɗan'uwana ba shi da amfani. Tok Hanafiah ya shafa gemu ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma zai iya tafiya gona ranar. Matan suka yi ta kawar da kai. Morad kuwa idonsa ya kawo ruwa, ya ce bakinsa ne ya jawo, duk abin da zai gyara zai faɗa. Ranar da za ta zo ban share gidan ba. Na ajiye bokitin fitsari a bakin ƙofar ɗaki, na zube ƙunzugun a fili, na cire labule. Da safe ban wanke Darus ba, na ce masa famfo ne ya ɗauke. Yana jin ƙarar ruwa a kicin, ya dube ni kawai. Na ce ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, in an tambaye shi ya amsa a taƙaice, ya yi yadda na ce. Da gangan na bar ɗan'uwana cikin warin jikinsa don baƙuwa ta shaƙa, Allah yana gani.

Ta shiga ta gan shi, ta yi masa tambaya biyu ko uku, ya amsa da e da a'a. Sai muka fito baranda muka zauna, ka kuwa san barandar a ƙarƙashin tagarsa take. Na ce mata ba mu da komai, na gaji, kamar jariri nake wanke shi, ba na barci, ba ni da mataimaki. Duk gaskiya ne, amma ban taɓa furta shi ga kowa ba sai ranar, kuma a kunnensa. Sannan ta ciro hoton nan ta nuna wa Morad, ta ce to wannan fa? Ni abin da na roƙe shi kawai ya ce Darus ba ya daɗewa a aiki, yana saurin gajiya. Amma Morad yana son ya tabbatar an mayar da kuɗin, sai ya zarce. Ya dafa ƙirji kamar wancan karon, idonsa a ƙasa, ya ce, “Cik, ranar nan wasa muka yi miki. Ba ya iya komai. Muciyar ma tausayi ne yake sa mu ba shi, don ya ji shi ma yana cikin mutane. Sai an tura shi gida mu tsaya mu gyara abin da ya ƙona. Shekara goma muna yi masa haka, bai sani ba.” Biron yarinyar ya tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta dube ni, sannan ta ci gaba da rubutu. Da motarta ta tashi Morad ya zagaya bayan rumbun shinkafa, ina jin kukansa daga baranda.

Da la'asar na ɗumama ruwa na shiga wanke shi. Na yi ta surutu, ina cewa Morad ya iya shirya ƙarya kamar ɗan siyasa, ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Bai taya ni ba. Sai da na juya shi ina shafa masa magani ya ce, “Kak Long, wanne ne gaskiyar, na azumi ko na yau?” Na ce haba Darus, wace irin tambaya ce wannan, kowa a garin nan ya san hannunka. Ya ce, “Da azumi kin ce mata ba mu rasa komai ba. Yau kin ce ba mu da komai. Fuskarki ɗaya ce duka biyun. Ta Morad ma ɗaya ce.” Na ci gaba da shafa maganin.

An mayar da tallafin watan jiya. A ƙasan takardar an rubuta cewa za a iya zuwa dubawa kowane lokaci ba tare da sanarwa ba, kuma in aka sake samunsa yana aiki za a rufe fayil ɗin. Mata suna tare ni a bakin titi suna yi mini barka, wai na yi ƙoƙari, na ƙwato wa ɗan'uwana haƙƙinsa. Ina amsa musu da na gode. Robar fitsari sabuwa tana nan cike da kwali, gyambon ya fara haɗewa, motar asibiti tana zuwa a kan lokaci. Shi kuwa tun ranar bai ce a fito da shi baranda ba. Morad yana zuwa kullum bayan la'asar, ya tsaya a tagar yana rantsuwa da girman Allah cewa ƙarya ya yi wa yarinyar, Darus ya juya fuska bango har ya gaji ya tafi.

Makon da ya wuce aka yi auren jikar Tok Hanafiah. Ba wanda ya zo kiran Darus, kowa yana tsoron kada ya sake jawo mana. Ƙartin suka tuƙa dodol ɗin da kansu, ya fito da gudaji, ƙasansa yana ƙaurin ƙonewa, mutane suna gutsura suna ajiyewa a gefen faranti. Wallahi daɗi na ji. Na ƙunso guda na kawo masa da saurina, na ce ci ka ji abin da suke yi in babu kai. Na ɗauka wannan zai raba gardama. Ya gutsura ya tauna a hankali, ya ce ai ba laifi, wataƙila nasa ma haka yake fitowa kafin a gyara. Washegari ya ce in sauko masa da muciyar Abah daga saman rufi. Ya ɗora ta a ƙirjinsa ya daɗe yana shafa inda hannun Abah da nasa suka cinye icen, sannan ya ce in aika wa Lan, tun da shi zai aurar da 'ya, ko ya sami wanda ya iya a can.

Raina a ɓace yake, Lan, kuma ban san wa zan kama ba. Yarinyar ba ta yi mana ƙarya ba. Morad don Allah ya yi, duka biyun. In na juya sai in ga kaina da labulen Sallah a hannu, in ji haushin Mak a kabarinta da ta koya mana ɓoye yunwa a gaban baƙo, sannan in yi istigfari. Wanda na fi jin haushi ban san sunansa ba, shi ne wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa mutum ko dai yana iya aiki kullum ko ba ya iya komai, bai bar layi ɗaya ba ga wanda yake iya yini biyar a shekara ya kwanta sauran. Kai ma ban ƙyale ka ba. Ka daina turo mini hotunan guragun ƙasashen waje masu tsere da wasan ƙwallo kana rubuta a nuna wa Abang ya ƙara himma. Himmar ce ta kai mu nan.

Ga abin da nake roƙonka. Dodol ɗin biki ka saya a kasuwar Alor Setar, akwai mai kyau, baƙi ba za su gane ba. Kada ka kira shi a waya kana lallashi, ya san muryar lallashi yanzu. Amma in ka iso cikin Disamba, ka shiga ɗakinsa kai kaɗai ka zauna. Kana nan ranar da Abah ya tsallake manyan garin nan duka ya miƙa wa Darus muciyar yana ɗan shekara goma sha tara, ka ji abin da ya faɗa, ka kuma ci dodol ɗinsa bayan faɗuwar, Sallah uku a jere. A duk waɗanda suka san hannunsa kai kaɗai ka rage da bai yi wa yarinyar nan magana biyu ba. Nisan nan naka da nake yi maka gori a kai shi ne ya bar maka bakinka da tsarki. Ka faɗa masa ya iya, ka faɗa har ya yarda. Amma kada ka dawo da muciyar gidan nan. In ya yarda da kai zai nemi ya riƙe ta, ni kuma ba ni da wani awarwaron da zan sayar.

Ka gaida Norliza, ka ce mata na ga ɗinkin da ta turo, ruwan toka ba ya karɓata amma zan saka. Ka gaida amarya Izzati, ka ba ta haƙuri a kan awarwaron kakarta, ka faɗa mata yadda ka ga za ta iya ɗauka. Ka gaida Hafizi da Syazwan, su riƙa taimaka wa uwarsu. Rohana da mijinta suna gaishe ku, sun ce ba za a aske jaririn ba sai ka zo. Tok Hanafiah yana gaishe ka. Morad ma ya ce in gaishe ka, ya ce in ka zo ka zage shi son ranka, ba zai ɗaga kai ba.

Kafin in rufe na leƙa ɗakin Darus na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gare ka. Sai da na juya zan fita sannan ya ce a gaya maka a riƙa shafa wa muciyar man kwakwa sau ɗaya a wata, in ba haka ba za ta tsage.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Babbar yayarka,
Kak Long Zaharah